ROƘON AHUWA DOMIN WANDA KE GIDAN KASO

Ya mai karatu, wataƙila akwai wani naka a gidan kaso yau, ko ɗanka, ko ƙanenka, ko mai gidanki. A ce faɗa aka yi a bakin gona, sanda ta sami kan mutum, alƙali ya yanke shekara 3. Ga damina tana zuwa, ba mai riƙe hauya. Kana tambaya ko akwai sauran hanya. Akwai roƙon ahuwa. Amma sai ka san abin da za ka roƙa tukuna.

Mutane da yawa suna garwaya ahuwa da ɗaukaka ƙara. Ba ɗaya ba ne. Mai ɗaukaka ƙara cewa ya ke yi, alƙali ya yi kuskure, a sake duban maganar. Yakan kai kukansa babbar kotu, kamar ta Damagaram ko ta Yamai, kwanakin yin haka kuwa kaɗan ne ƙwarai bayan yanke hukunci. In ɗan'uwanka bai yi laifin ba, wannan ita ce hanyarsa, kada ku yi jinkiri. Mai roƙon ahuwa kuwa ba ya gardama da hukunci. Shari'a ta ƙare, hukunci ya tabbata, jinƙai kaɗai ya ke nema. Saboda haka wanda ke tsare yana jiran shari'a ba a yi masa ahuwa, gama ba a yanke masa kome ba tukuna. Irin waɗannan suna da yawa a gidajen kaso na Nijar, abin da su ke bukata shi ne a gaggauta shari'arsu.

Ikon ahuwa yana hannun shugaban ƙasa. Alƙali ba ya bayarwa, mai gari ba ya bayarwa, shugaban gidan kaso ma haka. Wani lokaci akan yi wa mutane da yawa gaba ɗaya. Shugabannin Nijar sun sha rage wa fursunoni hukunci a lokacin bukin 18 ga Disamba. A watan Maris na 2020, sa'ad da cutar korona ta shigo, Shugaba Issoufou Mahamadou ya saki mutum 1,540, cikinsu da tsofaffi, da masu ciwo mai daɗewa, da waɗanda sauran wa'adinsu kaɗan ne. Har masu hukuncin kisa akan mayar musu da shi ɗauri. Tun 1976 ba a zartar da hukuncin kisa a ƙasar ba.

Ban da wannan, mutum yana iya roƙo domin kansa, ko danginsa su roƙa masa. Wasiƙa ce ake rubuta wa shugaban ƙasa, ma'aikatar shari'a ce ke bincika ta. In ba mai iya rubutu a gidanku, ku nemi malamin makaranta ko wani amintacce cikin ikkilisiya, ya karanta muku abin da ya rubuta kafin a sa hannu. A sa cikakken sunan ɗaurarren kamar yadda ya ke a takardar haihuwa, da kotun da ta yanke hukunci, da ranar, da yawan shekarun, da inda ya ke tsare. Magatakardan kotu ne ke riƙe da waɗannan, ku tambaye shi. Sa'an nan a faɗi dalili: tsufa, ko ciwo tare da takardar likita, ko ƙananan ƴaƴa da ba su da mai ciyarwa, ko kyakkyawan halinsa a kaso. Ku riƙe kwafi ɗaya a gida.

Kada ku zagi alƙali cikin wasiƙar. Kada ku ƙara ƙarya ko ɗaya domin a ji tausayi, gama za a bincika, ƙarya guda kuwa tana ɓata gaskiya goma. Wannan wuri ne mai wuya ga iyaye. Uwa tana so ta ce ɗanta bai taɓa yin mugunta ba. Amma ku masu bi kun san wannan tun dā: wanda ya zo wurin Allah yana kāre kansa ba ya samun gafara, sai wanda ya amsa laifinsa. Ƙofar shugaban ƙasa ma da sunkuyawa ake shigarta.

Ahuwa kyauta ce, ba a bin kowa bashinta. Ana iya ƙi, ba a kuwa faɗa maka dalili. Ana iya daɗewa ba amsa. Ka tuna Yusufu ya roƙi mai shayarwar Fir'auna ya ambace shi a gaban sarki, mutumin ya manta da shi har shekara 2. Cikin wannan jira ne ƴan damfara ke zuwa. Wani zai ce ya san babban mutum a Yamai, ka kawo jika 100 a sa sunan ɗanka. Kada ka sayar da akuyarka ko hatsin rumbunka domin wannan. Gara ka kai wa ɗaurarren abinci da sabulu, ka zauna da shi ranar ziyara.

In Allah ya sa an amsa, ɗauri ne aka ɗauke ko aka rage. Diyyar da kotu ta yanke wa wanda aka cuta tana nan, sai an biya. Zakka bai jira kotu ba, da kansa ya ce zai mayar riɓi 4. Ku ma kada ku jira a fito. Ku ɗauki dattawa ku tafi gidan mutumin da aka fasa wa kai, ku gaishe shi, ku fara biya ko kaɗan kaɗan, a rubuta shaidar kowane biya. Wannan takarda tana da nauyi in an haɗa ta da wasiƙar roƙo.

Laifin kuma yana nan a rubuce cikin takardar da ake kira kaziye, wadda akan nema sa'ad da mutum ya ke biɗar aikin gwamnati. Ahuwa ba ta goge shi. Share suna wani roƙo ne dabam, a kotu ake yinsa, bayan mutum ya yi shekaru yana zaman lafiya da jama'a, ya kuma gama biyan tara da diyya. Domin wannan rana, ku adana takardar sakinsa da ta kowane biya a cikin akwati, inda gara da ruwa ba za su taɓa su ba.