Kada Ku Zare Katin Memori Kwamfuta Tana Aiki

'Ya'yana masu koyon haɗa na'urori, ku matso mu yi magana a kan 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, Raspberry Pi. Tun da aka fara sayar da ita a Ingila a watan Fabrairun 2012, ta buɗe ƙofar koyo ga yaran da babbar kwamfuta ta fi ƙarfin aljihun iyayensu, kuma ina farin cikin ganinta a hannunku. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunku ke sa farce su zaro katin memori tana kunne, su cusa wani.

Ban ga laifinku ba, sabon waya ne ya bi ku. A waya, kati ma'ajiyar waƙoƙi da hotuna ne kawai, aikin wayar yana can cikinta. A Pi kuwa, katin shi ne komai. An raba shi gida biyu: ƙaramin kashi na FAT wanda ke tayar da ita, da babban kashi na ext4 inda Linux da manhajojinku da duk aikinku suke zaune.

Ga inda haɗarin yake, ku saurara da kyau. Idan kun adana aiki, Linux ba ya zuba shi a kati nan take. Yakan riƙe shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai bayan 'yan daƙiƙu ya rubuta. Kamar mai shago ne da ciniki ya yi wa yawa, yana riƙe lissafin bashi a ka, sai an lafa ya zuba a littafi. Ka ɗauke littafin kafin ya rubuta, lissafi ya bi ruwa. Shi ma katin yana da nasa ɗan injin a ciki, wanda ke sauya wa bayanai wuri don kada gefe ɗaya ya riga sauran tsufa. In aka katse shi yana tsakiyar wannan kwashe-kwashe, har abin da kuka adana tun watan jiya zai iya lalacewa. Abin da ke ruɗin yara shi ne, bayan an zare katin allo yakan ci gaba da nuna komai lafiya na ɗan lokaci. Ragowar abin da ke ƙwaƙwalwa ne kawai. Sabon katin da kuka cusa kuma ba za ta koma kansa ba, don ba da shi ta tashi ba.

To, in katin da ta tashi da shi za ku canza, hanya ɗaya ce. Ku rubuta sudo shutdown -h now, ku zuba wa 'yar koriyar fitilar nan ido har ta daina ƙiftawa, ku cire wuta, sannan ku taɓa kati. Pi 5 da ta fito a 2023 har maɓallin kashewa gare ta. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba, sauri kuwa shi ke haifar da nawa.

Na san akwai aikin da ba a son a tsayar, kamar na'urar da ke ɗaukar hoton tsaro ko mai auna zafin ɗakin ƙyanƙyasar ƙwai. A nan sai ku bar katin da ta tashi da shi a mazauninsa, ku sa na biyu a makarancin kati na USB, bayanai su riƙa sauka can. In za ku cire shi, ku duba sunansa da lsblk, ku ba da umarnin sync, sannan umount. In ta ƙi sakinsa, wata manhaja ce ke riƙe da shi. Ku nemo ta ku rufe, kada ku yi ƙarfa-ƙarfa.

Wanda kuma ya nace sai ramin katin kansa yake so ya zama na sa-da-cirewa, ya kwashe tsarin Linux ɗin ya mayar kan filashi ko faifan SSD. Pi 3B+ ta 2018 tana tashi daga USB, haka ma Pi 4 ta 2019 in an sabunta manhajar tayar da ita. Manhajar SD Card Copier za ta kwafe muku komai, amma ku zaɓi a ba kwafin sabuwar lambar shaida, don in lambobin biyu suka zo ɗaya Pi tana iya kama katin alhali kuna zaton filashi ta hau. Ku tabbatar da findmnt kafin ku kai hannu.

Ɗauke wuta ma irin wannan ɓarnar yake yi, mu kuwa mun san halin wutarmu. Ku haɗa mata batirin ko-ta-kwana, ko ku shiga raspi-config ku kunna tsarin da ke hana rubutu a kan kati.

Kuma don Allah, 'ya'yana, kafin ku kwanta yau kowa ya kwafi katinsa a wani, ya rubuta kwanan wata a jikin ambulan, ya adana. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wa karatunku albarka.