Me Ya Kashe Mana Tarwada?

A zangon da ya wuce, mu 'yan ƙungiyar manoma ta makaranta mun zuba 'ya'yan tarwada 100 a tankin roba da ke bayan ajinmu. Wata Litinin muka iso muka tarar 17 sun mutu, ruwan yana wari kamar kwata. Da farko mun ɗora wa zafin rana laifi. Ashe mu ne, domin ranar Juma'a mun zuba musu abincin kwana uku gaba ɗaya, wai kada su ji yunwa.

Ga abin da malamin aikin gona ya koya mana. Abincin da kifi bai ci ba yana nutsewa ƙasa ya ruɓe, ya haɗu da kashinsu. Daga nan sai wata guba mai suna amoniya ta taru, tana lalata jan naman nan na gefen kan kifi wanda yake numfashi da shi. Amoniya ba ta da launi, don haka ruwa yana iya zama garau alhali yana cutar da kifi. Ruɓewar kuma tana cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan, ga shi ruwa mai ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi. Shi ya sa Maris da Afrilu suka fi haɗari.

Tarwada tana da ɗan sauƙi, domin takan leƙo sama ta shaƙi iska. Karfasa ba ta iyawa, ita take fara mutuwa. Amma idan kuka ga tarwada sun tsaya a tsaye a saman ruwa sun ƙi abinci, to ruwan ya ɓaci.

Yanzu abinci kaɗan-kaɗan muke watsawa, da sun rage rububi sai mu dakata. Kullum da safe muna buɗe bututun ƙasa mu zubar da kamar kashi ɗaya cikin uku, saboda a gindi dattin yake kwanciya. Ba ma canza ruwan duka lokaci guda, sauyin zafi na farat ɗaya yana wahalar da ƙananan kifi. Ruwan famfo yakan zo da kulorin, sai mu bar shi ya kwana a buɗe kafin mu zuba. Na rijiyar burtsatse ba shi da kulorin amma iskarsa kaɗan ce, sai mu kwararo shi daga sama yana fantsama. Bokitin wanki kuwa ko kusa, sabulu guba ne ga kifi.

Tsohon ruwan ba ma zubar da shi a banza, alayyahon lambunmu muke ba shi, kuma ya yi kore shar. Asabar da Lahadi mutum biyu da ke kusa da makaranta suke zuwa. Mai son shiga jerin ya ba shugaban ƙungiya sunansa kafin Alhamis.