Kanwa Uwar Gami: Ma'anar Alkali da Amfaninsa a Ƙasar Jega

Kalmar alkali da masana kimiyyar haɗa sinadarai ke amfani da ita ba ta da dangantaka da alƙalin shari'a. Asalinta kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsirrai. Ana kiran abu alkali idan ya narke a ruwa kuma yana kashe tsami. A ma'aunin pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Danmak, Sorensen, ya fito da shi a 1909, ruwa tsantsa yana kan 7. Abin da ya gaza haka mai tsami ne, wanda ya ɗara kuwa, har zuwa 14, alkali ne.

Bahaushe ya san aikin alkali tun kafin zuwan boko, ta hanyar kanwa da ruwan toka. Tun ƙarni na 19 Jega babbar kasuwa ce da fatake ke sauke gishiri da kanwa, har wa yau kuwa da wuya a shiga madafi a Jega ko Aliero ko Maiyama a rasa kanwa. Da ita ake sa wake ya nuna da wuri, a rage tsamin yakuwa, a ƙara wa kuɓewa yauƙi. Makiyaya na bai wa dabbobinsu ita. Da toka ake haɗa sabulun salo, da ita marina ke tayar da baba, manomin albasa a Aliero kuma idan ya watsa ta a gona tana rage tsamin ƙasa. Mai son shaida ya jefa ƙwarar kanwa cikin jan zoɓo, nan take zai ga launin ya rikiɗe ya yi duhu.

Sai dai kanwa cike take da sinadarin sodiyam, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa. Binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya, suka buga a 1978, ya danganta yawan ciwon zuciya ga mata masu jego da shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi.

Saboda haka kirarin da ake yi mata, uwar gami, gaskiya ne a kimiyyance. Abin da ya rage shi ne a san gwargwado, musamman a ƙwaryar maijego da ta mai hawan jini.