Hezekiya da Curin Ɓaure: Shirin Shiga Tiyata

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7

Ɗan'uwana mai karatu, ka lura da ƙarshen wannan nassi? Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo har bakin mutuwa, ya yi kuka gaban Ubangiji, Allah kuwa ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun, sa'an nan sarki ya warke. Hezekiya bai ƙi maganin ba don yana riƙe da alkawarin Allah. Ya miƙa jikinsa aka yi masa abin da annabi ya ce.

A nan Mindif, in ciwo ya kai ga tiyata, ko ƙaba ce ko yanar ido, sau da yawa sai an kama hanyar Marwa, wajen kilomita 25, waɗansu har Garwa. Mun iya yi wa mai tafiya addu'a, wannan kuwa daidai ne. Inda muke tuntuɓe shi ne wajen bin maganar likita.

Za a ce maka kada ka ci kome kafin aiki, galibi awa 6 ko fiye, a kuma faɗa maka lokacin da za ka daina shan ruwa. Ba mugunta ba ce. In maganin barci ya kama mutum, ba ya iya tari ko haɗiya yadda ya saba. Abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya gangara huhu, wannan kuwa yana kisa. Na taɓa raka wani matashi na ikilisiyarmu wani asibiti. Da asuba uwarsa ta ga ya galabaita, ta ba shi kunu a ɓoye. Ƙauna ce, ban musa ba. Allah ya sa yaron ya faɗi gaskiya da aka tambaye shi, aka ɗage aikin, suka ƙara kwana da kashe kuɗi. Da ya yi shiru fa? Iyaye mata, ku yi haƙuri da wannan yunwa ta dare ɗaya.

Haka kuma kada ka ɓoye wa likita kome. In kana shan jiƙo ko sassaƙe, ka faɗa. In kana shan maganin hawan jini, ko na ciwon sukari, ko asfirin da ke hana jini daskarewa da wuri, ka tafi da kwalinsa ya gani. In kana taɓa bilbil, ka faɗa masa ko da ka ɓoye wa fastonka. Zancenmu da kai na wata rana ne.

Gwajin jini ma ba dabarar cin kuɗi ba ce. Ana duba ko jininka ya isa, da irinsa, da yawan sukari. In an ce a kawo masu ba da jini, a nan ne ikilisiya za ta tashi. Mutum biyu ko uku masu lafiya su bi ɗan'uwan nan zuwa asibiti tun kafin ranar.

Addu'a: Ya Uba, ka kwantar da zuciyar bawanka da ke jiran tiyata. Ka bi da hannun likita, ka tashe shi lafiya daga barcin, cikin sunan Yesu. Amin.