Kafin ka raba katunan SIM, raba na'urori gida-gida

Masana'antu da wuraren haƙar ma'adinai da tashoshin jiragen ruwa sun fara kafa sadarwar salula tasu ta kansu, 4G ko 5G, da eriyoyinsu da cibiyarsu da katunan SIM nasu. Jamus ta ware zangon 3.7 zuwa 3.8 GHz tun 2019 domin kamfani ya nemi lasisin harabarsa kaɗai, Amurka kuma tana da zangon CBRS, 3550 zuwa 3700 MHz. A Najeriya izinin zango yana hannun hukumar sadarwa ta NCC. Masu kafa eriya su gama aikinsu su tafi, a bar ka da tambayoyi biyu: wace na'ura ke da izinin magana da wace, kuma wa za a ba hanya idan layi ya cunkushe.

Yawancin mutane suna raba rukuni bisa sashen ofis: na akanta, na sito, na manaja. Wannan rabon bai da amfani ga sadarwa. Raba su bisa aikin na'urar da irin ɓarnar da za a yi idan ta katse. Kyamarar tsaro da ke sito da wadda ke ƙofar shiga rukuni ɗaya ne. Na'urar da ke sarrafa inji ko motar ɗaukar kaya mara direba rukuninta daban, domin jinkirin ƙiftawar ido na iya tsayar da aiki ko ya raunata mutum. Sai wayoyin masu gadi da ma'aikatan gaggawa, sai ƙananan na'urorin auna zafi da ruwa, sai kwamfutoci da wayoyin sauran ma'aikata. Wayar shugaban kamfani tana cikin wannan rukuni na ƙarshe, ko da ransa bai so ba. Rukuni biyar ko shida sun ishi yawancin wurare. Idan sun kai talatin, ba wanda zai iya tuna dalilin kowanne bayan shekara guda.

Cibiyar sadarwa tana gane kowane kati da lambarsa ta IMSI, a kanta ake rataya ƙa'idoji. Kada ka rubuta wa kati ƙa'idarsa shi kaɗai. Rubuta wa rukuni, ka jefa katin a ciki. Kowane rukuni ka ba shi ƙofar fitarsa, wadda ake kira APN a 4G, DNN a 5G, da jerin adireshin IP nasa, sannan ka haɗa ƙofar da sashenta na sadarwar kamfani.

A nan ne tsaro yake. Kyamara ba ta da wata hulɗa da intanet; kwamfutar da ke adana hotuna kawai take buƙata, don haka toshe mata komai ban da wannan. A 2016 manhajar ɓarna mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗar hoto da aka bari da kalmar sirrin masana'anta, aka kai hari da su kan kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix, waɗanda suka dogara da shi, suka gagari mutane da yawa a Amurka. Hana na'urorin rukuni ɗaya ma magana da junansu, sai in aikinsu ya tilasta.

Sai batun fifiko, wanda ake yawan cakuɗa abubuwa biyu a cikinsa. Na farko shi ne ajin hidima, QCI a 4G, 5QI a 5G, wanda ke faɗin yadda za a bi da bayanai a kan hanya. Aji na 9 shi ne na kowa da kowa, ba alkawarin gudu. Aji na 1 na murya ne, ana keɓe masa rabonsa, jinkirinsa kada ya wuce milisakan 100. Akwai aji na 82 don sarrafa injuna, mai milisakan 10, idan kayanka suna ɗauke da shi. Na biyu shi ne ARP, lamba daga 1 zuwa 15, 1 ce mafi girma. Ita ke yanke wa za a karɓa, wa za a kora, idan wuri ya cika, kamar yadda ake kauce wa motar asibiti a cunkoso. Kowane shugaban sashe zai rantse maka cewa nasa ne ya fi muhimmanci. Idan ka ba kowa lamba 1, ba ka ba kowa komai ba.

Kyamarori ne suka fi cinye hanya. An saba tsara sadarwar salula don saukewa ya fi aikawa yawa, su kuwa aikawa suke yi dare da rana. Kyamara arba'in, kowace tana tura megabit 4 a daƙiƙa, megabit 160 ke nan, kuma wannan na iya shaƙe eriya kafin na'urar inji ta sami wuri. Sa wa kowace iyakar gudu, ka kuma tambayi masu kafa maka ko za a ƙara wa aikawa kaso.

Ɗaure kowane kati da lambar IMEI ta na'urarsa, domin wanda ya zare katin kyamara ya sa a wayarsa ya tarar ba ya aiki. Gwani na iya yin jabun IMEI, amma yawancin masu zare kati ba gwanaye ba ne. Kuma ka tanadi rukunin jira wanda ba ya kaiwa ko'ina, duk sabon kati ya fara sauka a can har sai wani ya sa hannu ya mayar da shi gidansa, tare da rubuta sunan na'urar da wurin da take da mai kula da ita.

Kafin a fara aiki da gaske, zaɓi ranar hutu, ka kunna kyamarori duka, ka sa kwamfutoci su yi ta sauke manyan fayiloli, sannan ka sa mai gadi ya kira abokin aikinsa, injiniya kuma ya motsa inji. Daga wata kyamara ka gwada isa kwamfutar akanta. Idan ta isa, koma kan ƙa'idar rukuninta a ranar.