Amsoshin Tambayoyinku: Mai Ƙanjamau da Rashin Barci

Wata mai sauraro daga Zuru ta ce ƙaninta mai shan maganin ƙanjamau ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane. Shin aljanu ne?

Likitoci kan fara duba maganin. Maganin ƙanjamau mai suna efavirenz yakan jawo munanan mafarkai, jiri da rashin barci, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir a kansa. Ciwon damuwa ma ya yawaita tsakanin masu cutar, har yakan sa mutum watsar da ƙwayoyinsa.

Kada ya yanke magani da kansa. A mayar da shi asibitin da yake karɓar maganin a Zuru; in abin ya tsananta, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. In ya ambaci kashe kansa, a tafi yau.