Kome Ƙanƙantar Allura, Ƙarfe Ce

Kowace shekara, ranar 28 ga watan Yuli, ma'aikatan lafiya kan fita gangamin yaƙi da ciwon hanta, suna jan kunne game da askar wanzami da rezar mai yankan farce. To, ga wata ƙofa da masu shela ba su cika ambata ba. A manyan biranenmu yanzu ana samun masu maganin ciwon baya da wuya da gwiwa ta hanyar tsira wa mutum siraran allurai a jiki. Iri biyu ne, kuma mutane suna ta tambaya wanne ya fi. Za mu amsa a taƙaice, sannan mu tsaya kan abin da ya fi tayar mana da hankali.

Na farko shi ne akufanca, maganin mutanen Sin, wanda ya haura shekara 2,000. Su a ganinsu jiki kamar lambu ne a fadama. Akwai hanyoyi manya guda 12 da ƙarfin rai yake bi, kamar yadda ruwa yake bin kwalbati zuwa fangali. In ciyawa ta toshe hanya, fangali ɗaya ya cika ya ruɓe, na gaba ya bushe, sai mai lambu ya zo da fartanya ya buɗe. Allurar ita ce fartanyar. Shi ya sa kana kukan ciwon kai, a soka maka a hannu ko a ƙafa. Wuraren sukar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensu 361 ne, kuma akan bar allurai a jiki kamar minti 20.

Na biyu shi ne busasshiyar allura, aikin likitocin Turawa na ƙarni na 20. An kira ta busasshiya domin ba a ɗura ruwan magani a cikinta. Dokta Janet Travell, likitar Shugaban Amurka John Kennedy, ita ta yi fice wajen binciken ƙullin da ke tasowa a tsoka, irin wanda in an danna shi a kafaɗa zafi ya harba har wuya. A 1979 wani likitan ƙasar Cekosulobakiya, Karel Lewit, ya nuna cewa sukar kanta tana rage zafi ko babu magani. A nan ƙullin ake nema kai tsaye, a soka, tsoka ta zabura, a zare. Yawanci likitocin gashin ƙashi ne suke yi.

Wanne za ka zaɓa? In ƙulli ne a tsoka, wuri guda, busasshiyar allura tare da motsa jiki ta dace. In ciwo ne da ya daɗe, na baya ko gwiwa ko yawan ciwon kai, akufanca ta fi samun bincike a bayanta. A 2020 ma inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka ta fara biyan kuɗinta ga masu daɗaɗɗen ciwon baya. Dukansu sauƙi suke kawowa, ba su tumɓuke ciwo daga saiwa.

Amma ku saurara da kyau. Hikimarsu ta bambanta, allurarsu iri ɗaya ce, kuma duka biyun huda fata suke yi. Duk abin da ya huda fata ya gaisa da jini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kama mutum ninki 50 zuwa 100. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita. Ka ƙirga: cikin mutum 12 ko 13 da suka kwanta a gadon nan kafin kai, ana iya samun ɗaya mai ɗauke da ita. Kuma ba a gane shi a fuska. Yana nan da ƙibarsa da babbar rigarsa, shi kansa bai sani ba. Ciwon yakan yi shiru shekara da shekaru yana cin hanta, sai ran da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, a ce shawara ce ko sammu, alhali hanta ta riga ta ƙeƙashe ko daji ya kama ta.

Allurar da ake maimaitawa kamar guga ne da ake yawo da shi gida-gida. Ya faɗa rijiyar da mushe ya mutu a ciki, aka jawo shi, aka girgiza, ya sha iska, ido bai ga kome a jikinsa ba. Sai aka zura shi a rijiyarka, wadda ka haƙa da guminka, ka yi mata murfi, ka hana yara wasa a bakinta. Ranar ruwan bai canja launi ba, bai yi wari ba. Ka sha, matarka ta sha, jaririn da ke goye ya sha. Haka ciwon nan yake: daga miji ya kai ga mata, daga uwa ya kai ga abin da ta haifa. To, don Allah, wane mai hankali ne zai ba da rijiyarsa aron guga don an rage masa naira 500?

Na taɓa ganin wani mai wannan sana'a da allurai a kwalbar man shafawa, jiƙe cikin sifirit, yana tsamo su da yatsu yana gogewa da auduga. Mutane biyar suna kan benci suna jira, babu wanda ya ce uffan. Sifirit ba ya wadatarwa, ruwan zafi daga fulas ba ya wadatarwa. Allurar ƙwarai a rufe take zuwa cikin ƙunshinta, takarda a baya, leda a gaba, da kwanan wata a jiki. A gabanka za a yage, in an gama a jefa ta cikin akwatin zubar da allurai, shi ke nan ta gama aiki har abada.

Abin haushi, mutum zai tsaya rabin sa'a yana ƙwanƙwasa kankana a kasuwa, amma ya tuɓe riga ya miƙa bayansa ga wanda bai sani ba, wai kunya ta hana shi tambaya. Wannan sakaci ne, kada a laƙaba wa ƙaddara. Jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa. Neman magani halal ne. Manzon Allah (SAW) ya yi ƙaho, ya kuma biya wanda ya yi masa. Amma kai mai sukar mutane da tsohuwar allura don tsimin kuɗi, ka sani haƙƙin duk wanda ka sa wa ciwo yana wuyanka, da na iyalinsa.

Sauran abin kiyayewa a gurguje. Allura a ƙirji ko saman baya, a hannun wanda bai ƙware ba, tana iya huda huhu. In numfashi ya yi wuya bayan an yi, a garzaya asibiti. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a fara. Kada a je da yunwa, ana suma. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ba na allura ba ne, a ga likita, don yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya. A nemi ganin takardar rajistar mai aikin daga hukumar likitoci ko ta likitocin gashin ƙashi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, je ka asibiti a gwada jininka. In ba ka da ciwon hanta, ka karɓi rigakafi, allura uku ce. Sannan ko ta Sin ka zaɓa ko ta Turawa, kada ka kwanta sai an yage sabuwa a kan idonka. In an ƙi, ɗauki takalminka. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.